Wayar fanfon cikin ruwa: abin da ya kamata a sani kafin a saya



Duk shekara in noman rani ya kankama, koke iri ɗaya ke yawan zo mana ta waya: an haƙa foraji, an sayi fanfo sabo fil, bai rufa wata uku ba ya ƙone. Wani ya ce kuran ne, wani ya ce fanfon ne jabu. Akwai lokacin da hakan ne. Amma sau da yawa in mai aikin wuta ya jawo fanfon sama, sai a tarar laifin na waya ne: ko ta yi siriri, ko ba ta cikin ruwa ba ce, ko an ɗaure mahaɗinta da sikoci kawai. Garkar zogale ko ta tattasai kuwa ba ta jiran a tara kuɗin wani fanfo, kwana kaɗan babu ruwa a watan Afrilu ya isa a yi asarar shekara.

Shi ya sa muka tattara wannan bayani wuri ɗaya, don mai garka da kwamitin ruwa na gari da wanda ke aiko da kuɗi daga waje su samu abin dubawa.

Dalilin da maganar ta taso

Fanfon cikin ruwa, wanda ma'aikatanmu ke ce wa imerje, ƴan uwanmu na Najeriya kuma su ce sumo, ba baƙo ba ne a nan. Filin noman rani na Jiratawa, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin kulawar ONAHA, mai faɗin sama da hekta 500, da forajoji da fanfunan lantarki ake ba shi ruwa. Abin da ya sauya shi ne yanzu fanfon ya shiga hannun kowa. Injin ban-ruwa mai shan mai da ake ajiyewa a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8. In ruwan fadama ya ja ƙasa da haka, ko dai a haƙa rami a saukar da injin, ko a koma ga fanfon da ake zurawa ciki.

Sannan wutar ma iri-iri ce. Akwai ta NIGELEC, mai volt 220 a layi ɗaya da 380 a layi uku, wadda yankinmu ke samun kaso mai yawa daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa. Tun bayan katsewar da aka yi a watan Agustan 2023, mutane da dama sun koma ga sola da gurup. Kowace irin wuta da nata lissafin waya.

Abin da siririyar waya ke yi wa fanfo

Mu ɗauki tiyon ban-ruwa. In ya yi tsawo kuma ya yi siriri, ruwan da ke fita a ƙarshe ba shi da ƙarfi. Haka wuta take cikin waya: kowace mita tana cin wani abu, kuma siririya ta fi ci. Abin da ta ci zafi yake zama.

In wutar da ta isa ƙasan rijiya ta gaza, injin fanfon ba ya hutawa. Sai ya ƙara jan amper don ya juya, naɗin wayar da ke cikinsa ya yi ta ɗumama har rufinsa ya lalace. Lokacin tashi abin ya fi muni, don a ƴan daƙiƙun farko inji yakan ja wuta ninki 4 zuwa 6 na abin da yake ja in yana tafiya. Wannan gunjin da kuke ji, fanfo na ƙugi ya kasa tashi, sau da yawa daga nan yake.

Ƙa'idar da ma'aikata ke bi ita ce kada asarar hanya ta wuce kashi 5 cikin 100. A wutar 220, volt 11 ke nan.

Irin wayar da ake sa wa cikin ruwa

Kowace waya ta kirki tana da rubutu a jikinta, ana maimaita shi daga farko har ƙarshe. A karanta kafin a biya.

Wayar gida, wato silin nan ja da shuɗi da ake zurawa cikin bango, da farar wayar da ake jona fanka ko firiji, ba su da hurumi cikin rijiya. Rufinsu na iya jure yayyafi, amma zama cikin ruwa dare da rana sai ya sha ruwa ya tsage.

Baƙar waya mai tauri da aka rubuta wa U-1000 R2V ta dace da hanyar sama, daga kontar zuwa akwatin fanfo, in an sa ta cikin tiyon kariya an binne. Ba a saukar da ita rijiya.

Baƙar waya mai laushi ta roba, H07RN-F, ita aka fi samu a shagunan kayan wuta, kuma tana jure ruwa sosai. Ƴar uwarta mai lamba 8, wato H07RN8-F, ita ce aka yi musamman don zama cikin ruwa kullum. Akwai kuma waya mai faɗi kamar ɗamara, galibi shuɗiya ko baƙa, wadda aka rubuta mata cewa ta fanfon cikin ruwa ce. Faɗin nata na da amfani a ƙaramin foraji, inda wuri ya yi kaɗan tsakanin fanfo da bangon tiyo. In rijiyar ta ruwan sha ce, a tambayi wadda aka amince a sa a ruwan sha.

Sili nawa ake so a ciki

Za ku ga an rubuta 3G2,5 ko 4G4. Lambar farko yawan silin da ke ciki ce, ta ƙarshe kaurin kowane sili, harafin G kuma na nufin ɗaya daga cikinsu mai launin kore da rawaya ne, wato silin ƙasa.

Fanfon 220 wanda kondansatarsa ke cikin jikinsa sili 3 yake so: biyu na wuta, ɗaya na ƙasa. Wanda ke zuwa da akwati a sama, kondansatar na cikin akwatin, sili 4 yake so daga akwati zuwa rijiya. Fanfon 380 shi ma sili 4. Yawancin fanfunan sola sili 3 na inji ne da na ƙasa, wasu kuma da ƙarin siririyar waya ta na'urar da ke kashe fanfo in ruwa ya ƙare.

A nan ne ake yawan yin tsimin da bai dace ba: fanfo na son sili 4, a sayi mai 3 a bar na ƙasa. Fanfon zai yi aiki lafiya lau. Amma ranar da wuta ta zurare cikin jikinsa, hanyar da za ta bi ita ce ruwa da tiyo da hannun wanda ke riƙe da bokiti, kuma a garake da bakin fanfon gari yawanci mata da yara ne ke wurin, ƙafa cikin laka.

Yadda ake lissafin kauri

Kaurin da ake samu a kasuwa su ne 1,5 da 2,5 da 4 da 6 da 10 da 16, duk a ma'aunin milimita murabba'i. Abu biyu ake buƙata kafin a zaɓa.

Na farko amper ɗin fanfo. An buga shi a jikin injin da kuma kan kwali, lamba ce da harafin A a gabanta. A ɗauki hotonta kafin a zura fanfo.

Na biyu tsawon hanya gaba ɗaya, daga inda wutar ta taso, kontar ko gurup, har zuwa inda fanfon ke rataye. Zurfin rijiya kaɗai bai isa ba.

To sai a yi haka: tsawo a mita, sau amper, a raba da 240 in wutar 220 ce. In ta 380 ce mai layi uku, a raba da 480. Abin da ya fito, a ɗauki kaurin da ke samansa, ba na ƙasansa ba.

Misali. Mai garka yana da fanfo mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wato kilowat 1,1, yana jan kamar amper 8. Daga kontar zuwa bakin foraji mita 70, fanfo na rataye a mita 25, an bar rarar mita 5. Jimla mita 100. Ɗari sau 8 ya ba da 800, a raba da 240 ya ba da 3,3. Wayar da ta dace ita ce mai kauri 4.

Da zurfin rijiyar kaɗai ya duba, mita 30, lissafi zai ba shi 1, ya je ya sayo mai 1,5 har mita 100. Ga abin da zai faru a kan wannan hanyar:

- Mai 1,5 za ta cinye kusan volt 25, kashi 11 cikin 100.
- Mai 2,5 kusan volt 15.
- Mai 4 kusan volt 9.
- Mai 6 kusan volt 6.

Da mai 1,5, kusan wat 200 ne ke tafiya wajen ɗumama waya, kuma kontar na ƙirga su, shi zai biya. In kuma da ma wutar unguwarsu da yamma 200 take isowa maimakon 220, abin da zai kai ga fanfon bai wuce 175 ba. Yawancin injina ba a yi su don su yi aiki da wutar da ta gaza abin da aka rubuta musu da fiye da kashi 10 cikin 100 ba.

Ga iyakar tsawon da kowane kauri ke ɗauka a wutar 220, don sauƙin dubawa:

- Doki 1 (kilowat 0,75, kamar amper 6): mai 1,5 mita 60, mai 2,5 mita 100, mai 4 mita 160, mai 6 mita 240.
- Doki 1 da rabi (kilowat 1,1, kamar amper 8): mai 1,5 mita 45, mai 2,5 mita 75, mai 4 mita 120, mai 6 mita 180.
- Doki 2 (kilowat 1,5, kamar amper 11): mai 2,5 mita 55, mai 4 mita 85, mai 6 mita 130, mai 10 mita 215.
- Doki 3 (kilowat 2,2, kamar amper 15): mai 2,5 mita 40, mai 4 mita 65, mai 6 mita 95, mai 10 mita 160.

Wannan lissafin na jan ƙarfe tsantsa ne. In wutar wurinku mai rauni ce, ko gurup ɗin ƙarami ne, a hau mataki ɗaya sama. Kuma in takardar da ta zo da fanfon ta ba da nata jadawalin, a bi nata.

Ga masu 380: fanfo mai kilowat 4 yana jan kamar amper 10. A hanyar mita 150, lissafi ya ba da 1500, a raba da 480 ya ba da 3,1. Shi ma mai 4 ke nan.

Masu sola su ƙara kula

Ƙananan fanfunan sola na aiki da volt 48 ko 72 ko 110, don haka asarar da ba ta da yawa a wutar 220, a wurinsu babba ce. A ce fanfo mai volt 48 yana jan amper 10, tsakanin pano da akwatinsa mita 20. Waya mai 2,5 za ta ci kusan volt 4, kashi 8 cikin 100 na abin da rana ta bayar. Mai 6 za ta ci volt ɗaya da rabi. Maganin shi ne a kafa pano da akwati kusa da bakin rijiya iya yadda zai yiwu. Ya fi sauƙi a ja ruwa da tiyo zuwa nesa da a ja irin wannan wuta.

Wayar da ke tsakanin pano da akwati kuma ta daban ce, an yi ta don jure rana, galibi mai 4 ko 6, ana rubuta mata H1Z2Z2-K. Wayar gida in ta sha ranar bazara ɗaya ko biyu sai ta bushe ta farfashe.

Yadda ake gane ta jabu

Araha ba ta ado. Akwai wayar da aka rubuta wa 2,5 amma abin da ke ciki bai kai ba, akwai kuma wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Alminiyom kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, kuma in danshi ya taɓa shi a mahaɗi sai ya zama gari. A shago, a roƙi mai kaya ya yanko ɗan guntu a gwada:

- A kankare silin da wuƙa. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. In fari ya fito, alminiyom ne.
- A kara masa wutar ashana ko birike. Zaren jan ƙarfe zai yi baƙi ya tsaya, na alminiyom zai lanƙwashe ya zube.
- A kai masa maganaɗisu. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka rina.
- A ƙirga zaren. A waya mai laushi ta kirki, mai 1,5 tana da zare wajen 30, mai 2,5 wajen 50, mai 4 wajen 56 masu ɗan kauri, mai 6 wajen 84.
- A ɗaga a ji nauyi. A mita 100 na 3G2,5, jan ƙarfen kaɗai ya haura kilo 6 da rabi, ban da roba. Naɗin da ya yi sakayau a hannu abin tuhuma ne.

A kuma sa a auna tsawon a gabanka, don ba kowane naɗi da aka ce mita 100 ne yake cika ba.

Mahaɗi

Fanfo na zuwa da gajeriyar wayarsa, dole a haɗa ta da doguwar, kuma wannan mahaɗin cikin ruwa zai zauna shekaru. Murɗa sili da hannu a naɗe da baƙin sikoci ba ya riƙewa. Ana matse kowane sili cikin ɗan bututun jan ƙarfe da filaya ta musamman, a jera mahaɗan ɗaya gaba da ɗaya don kada su haɗu wuri guda, sannan a rufe da ɗayan biyu: akwatin da ake zuba wa ƙaro mai daskarewa, wanda ma'aikata ke ce wa rezin, ko robar da ake gasawa ta tsuke, mai danƙo a ciki. In rezin ne, a bar shi ya daskare sarai kamar yadda takardarsa ta ce, kada a yi gaggawa.

Kafin a zura, a jiƙa mahaɗin cikin bokitin ruwa a auna shi da na'urar gwada rufin waya, wadda ake kira mega. Sabon fanfo da sabuwar waya cikin rijiya bai kamata su nuna ƙasa da megohm 2 ba. A rubuta abin da ta nuna a littafin kwamiti, zai yi amfani ranar da aka samu matsala. Daga wannan mahaɗin har bakin rijiya, waya ta zama guda ɗaya ba gutsi-gutsi ba.

Zurawa da binnewa

Ba a ɗaga fanfo ko saukar da shi da wayarsa. Igiyarsa daban, ta nailan mai ƙarfi ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa. A ɗaure wayar a jikin tiyo duk bayan mita 2 zuwa 3, a bar mata ɗan sako-sako tsakanin ɗauri da ɗauri, domin tiyon roba yana miƙewa in ya cika da ruwa. A bakin foraji a sa mata abin da zai hana gefen ƙarfe ko na tiyo yanka ta.

Ta sama kuma kada a bar ta kwance a ƙasa. Rana na cinta, awaki da ɓeraye na taunarta, hauya na sararta, ɓarayin jan ƙarfe na ganinta. A sa ta cikin jan tiyon kariya, a binne aƙalla santimita 50, inda amalanke ko mota ke bi kuma a kai 85. A cikin gona a ƙara zurfi yadda garma ba za ta kai ba, a shimfiɗa jar ragar gargaɗi a samanta kafin a gama mayar da ƙasa. Rarar waya kada a bar ta a naɗe alhali fanfo na aiki, naɗin na tara zafi.

Masu garka a fadama su tuna da watan Agusta. In Gulbin Maraɗi ya kawo, akwatin da aka kafa ƙasa-ƙasa shi ke fara nutsewa. A ɗaga shi sama da inda ruwa ya saba kaiwa, a yi masa inuwa.

Abin da ke tsare rai da fanfo

Waya mai kyau ba ta wadatar ita kaɗai. A akwatin a sa abin da ake tambaya a shago da sunan disjoncteur différentiel mai 30 mA, shi ke yanke wuta nan take in ta fara zurarewa ta jikin mutum ko ruwa. Yana da ɗan maɓallin gwaji, a riƙa danna shi wata-wata. A kafa sandar ƙasa a wuri mai danshi a haɗa ta da silin kore da rawaya. A sa mai kare inji daga zafi, a saita shi daidai amper ɗin da ke jikin fanfo. Inda layi ya yi tsawo a fili, mai kare tsawa na da amfani da damina. Kuma duk wanda zai taɓa waya ko ya jawo fanfo, ya fara kashe wuta daga tushe. Masu sola su sani cewa pano na ba da wuta muddin akwai rana, ko da fanfo a kashe yake.

Ga ƴan uwa masu aiko da kuɗi

Da yawanku kun haƙa wa iyaye foraji ko kun haɗa kuɗi kun yi wa gari, Allah ya saka da alheri. Ba kwa wurin, amma akwai abin da za ku iya nema ta WhatsApp kafin ku tura kuɗin waya:

- Hoton rubutun da ke jikin fanfo, inda amper ya fito.
- Tsawon hanya daga wuta zuwa rijiya, da zurfin da fanfo zai rataya.
- Hoton rubutun jikin wayar da za a saya, da hoton bakinta inda aka yanka.
- Hoton mahaɗi bayan an gama shi, kafin a zura.
- Abin da na'ura ta nuna na volt a akwati lokacin da fanfo ke aiki.

Da na farko da na biyu za ku iya yin lissafin nan da kanku a inda kuke. In mai aikin ya ce mai 4 ake so alhali a takardar farko an sa mai 2,5, kada a yi saurin cewa cuta ce, a lissafa tukuna. Mai aikin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. A kuma ware kuɗin waya da na rezin da na akwati daban tun farko, don in aka dunƙule su cikin kuɗin aiki, su ake fara ragewa in kuɗi sun gaza.

Wanda ke da tambaya kan nasa fanfon, ya aiko mana da amper da tsawon hanya da irin wutar da yake amfani da ita, za mu lissafa tare a shirinmu na manoma. Masu karatu kuma a taimaka a karanta wa waɗanda ba su samu gani ba. Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu.